Fuskar Adama

Ranar sadakar arba'in ta ƙanwata Hajo, wadda kuke kira Anti Hajo, ina zaune a bayan ƙofa ina jan carbi sai na ji ɗaya daga cikinku tana ba 'yan'uwanta labari. Wai kakanku, mahaifina, ya taɓa ƙwace yarinya daga hannun Inna, mahaifiyata, ya miƙa wa wata baƙuwa, kuma da ciwon abin Inna ta koma ga Allah. Ban tanka ba, domin gidan makoki ba wurin gyara zance ba ne. Amma Hajo ta tafi, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka tsaya a tsakar gidan nan ranar da abin ya faru. Idan na yi shiru, haka za ku ci gaba da ɗora wa mutumin kirki laifin da bai yi ba, ku kuma rage wa Inna abin da ya fi komai girma a rayuwarta.

Gidanmu na Bodinga a bakin hanyar mota yake, da shago mai ɗaki biyu a jikin zaure. A nan wani kafinta yake haya, Mista Emeka, mutumin Ibo daga gabas, da matarsa Nkechi da ɗansu Chidi mai kamar shekara uku. Kechi muke ce mata. Shi yake yi wa garin ƙofofi da bencina, ita kuma tana ɗinki. Ina da kamar shekara goma sha biyar a lokacin, ina makarantar kwana ta 'yan mata a Sakkwato, kuma idan na zo hutu babu inda nake son zama kamar bakin shagon nan. Ina son ƙamshin katako, ina son ganin yadda ɓawonsa yake naɗewa yana faɗowa kamar gashin jariri. Sai in tsaya ina kallo har ruwan da aka aike ni ɗebowa ya yi zafi a kaina. A daminar shekarar da sojoji suka karɓi mulki, Inna da Kechi suka haihu kusan tare, duka mata. Tamu aka sa mata Hajara, Hajo ke nan, ranar suna wanzami ya yi mata 'yar baka, tsaga uku-uku a gefen baki, irin wadda ke fuskata, irin ta dangin Baba. Ta Kechi kuwa Ada suka kira ta. Kechi ba ta da kowa a kusa, don haka Inna ta ja ta cikin gida. Tukunya ɗaya ake ɗora musu ta wankan jego, reshen darbejiya ɗaya suke tsomawa, Kechi tana ihun zafin ruwa Inna tana yi mata dariya tana tura mata kunun kanwa. Daga baya zazzaɓi mai tsanani ya kama Kechi, nononta ya ƙafe. Ba wanda ya roƙi Inna. Ta ɗauki Ada ta sa a ɗaya gefen, shi ke nan.

Gero ya nuna ana shirin girbi lokacin da aka sallame mu daga makaranta ba lokacin hutu ba. Abin da ya faru a garuruwan Arewa a kwanakin nan kun karanta shi a littafi, ni ba zan ƙawata muku shi ba: an kashe mutane saboda inda suka fito. A Bodinga ban ga jini ba, amma na ga tsoro. Labari yana zuwa da kowace mota, kowanne ya fi na jiya muni. Wata safiya aka kawo babbar mota marar rufi da 'yan doka a gefenta, aka ce duk mutanen gabas su shiga a fitar da su. Mista Emeka ya kinkimo akwatin kayan aikinsa ya ajiye a gaban Baba, suka riƙe hannun juna. Kechi ta shigo cikin gida tana dafa bango, don har lokacin ba ta warware ba. Ta tarar da Ada a ƙirjin Inna. Ta daɗe a tsaye, direba yana ta danna oda a waje.

"Inna, ba ni da nono," in ji ta. "Idan na tafi da ita, a cikin motar nan za ta mutu. Ki riƙe mini ita. Da gari ya lafa zan dawo."

"Tahi, Kechi," in ji Inna. "Inda Hajo ta sha, nan za ta sha."

Kechi ba ta ɗauki yarinyar ba. Ta sunkuya ta shinshina kanta kawai, ta ja hannun Chidi suka fita.

Bayan tafiyarsu wasu samari da ba 'yan garin ba suka fara yawo suna tambayar ko akwai waɗanda aka ɓoye. Baba bai jira ba. Ya ɗora mu a mota, ni da Inna da jariran biyu, zuwa Shagari gidan kakata Dije, mahaifiyar Inna, wadda muke kira Iya. Iya mace ce gajera mai kaifin harshe, ba ta tsoron kowa sai Allah. Ita ta mai da Ada Adama, ta kuma shirya abin da za a faɗa: ɗiyar wata 'yar'uwar Baba ce da ta rasu wajen haihuwa a Dingyaɗi. Zancen ya zauna na ɗan lokaci. Sai wata tsohuwa mai tallan daddawa ta shigo, ta ga jarirai biyu kwance a tabarma ɗaya, ta sunkuya ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Dangin mijin ɗiyarki kunka ce? Da huska sumul haka? Ni dai tun da nike ban ga ɗan gidan nan da ba a yi ma 'yar baka ba."

Ta faɗa ne kawai ta ɗauki farantinta ta wuce, wataƙila ko ƙofa ba ta kai ba ta manta. Iya ce ba ta manta ba. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, amma a lokacin fuska ita ce takardar mutum. Kafin ka buɗe baki an san gidanku, an san garinku. Jaririya marar tsaga kusa da mai tsaga, a irin wannan lokaci, tambaya ce a shimfiɗe a tabarma.

"Gobe wanzami za shi zo," in ji Iya.

"Iya, ba tamu ba ta," in ji Inna da ƙaramar murya. "Aro anka ba mu."

"Na sani. To mi kike so ki mai da ma uwatta, ɗiya mai tsaga ko labarin ɗiya? Yau mai daddawa ta tambaya. Gobe ba ki san wa za shi tambaya ba."

Da hantsi wanzami ya zo ya shimfiɗa zabirarsa a gindin bedi, wato darbejiya. Inna ta zaga bayan rumbu ta toshe kunnuwanta. Iya ce ta riƙe yarinyar a cinyarta, ta matse mata kai da tafin hannu, kuma na ga leɓenta yana motsi da addu'a. Aikin bai daɗe ba. Jini ya fito ƙanana-ƙanana kamar 'ya'yan gero, ya goge, ya shafa baƙin tukunya. Kukan Adama ya tayar da na Hajo, suka haɗu suna yi. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin Kechi, wadda a lokacin ban san ko a mota take ba, ko a jirgin ƙasa, ko a ƙasa kwance, tana tafe da hoton wata fuska a zuciyarta, fuskar da daga wannan safiya babu ita a duniya.

Da Baba ya baro fadamar albasarsa ya zo kawo mana hatsi, tsagar ta fara bushewa. Na fito masa da ita zaure don ya gan ta. Ya karɓa yana murmushi, ya buɗe zanen, murmushin ya tsaya. Kun san suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, balle ya yi mata faɗa. Ya cire takalmansa, ya tsuguna a bayan zanar da ta kare tsakar gida, Iya tana ɗaya gefen tana kaɗi, tsakaninsu bai fi taku biyu ba.

"Saratu," ya ce da ni, "ki hwaɗa ma Iya ina gaishe ta, Allah shi ƙara mata nisan kwana. Ki ce mata amana anka ba ni, kuma ban san bakin da zan yi ma masu ita bayani da shi ba."

Kafin in juya Iya ta amsa.

"Ke mai kallon sama, ki ce mishi na ji, ba kurma nike ba. Ki ce mishi in masu ita sun zo a turo su gare ni. Shi ya ji da albasatai."

Na tsaya a tsakiya ina juya kai, ba abin da ya rage in kai wa kowa. Baba ya daɗe a tsugune, sannan ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya sa takalmansa. Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Gari bai lafa ba. Damina ta zagayo aka ce yaƙi ya tashi. Muka koma Bodinga, na koma makaranta, aka kawo mana sabuwar taswira an yanka ƙasar jiha goma sha biyu. 'Yan ajinmu suna haddace sunayen jihohi, ni kuwa idona yana can ƙasa wajen gabas, inda koguna suka yi yawa kamar jijiyoyin ganye. Na yi ta rubuta waƙoƙi a kan ruwan da ban taɓa gani ba. Motoci suna wucewa ta ƙofar gidanmu cike da samari masu zuwa soja, suna waƙa, wasu ko gemu ba su fara ba. Da yamma maza sukan taru wajen mai rediyo su ji sunayen garuruwan da ba su iya faɗa ba. Wata rana na ga jarida a hannun wata malamarmu, da hoton yaran can, ciki a kumbure, ƙafafu kamar kara. Na nemi Chidi a cikin fuskokin. Ban gaya wa Inna ba.

A cikin gida kuwa Adama tana girma. Ƙarama ce a jiki, Hajo ta fi ta tsawo da ƙiba, duk wanda ya gan su sai ya ɗauka ya da ƙanwa ne. Tana da dariya mai fita a hankali, kamar tana jin kunyarta. Akwai abin da nake so ku fahimta game da Inna. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai har na yi aure. Hajo ma, da yake ita ta haife ta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Haka kunyar mutanenmu take, uwa tana son ɗanta da bayan ido. Amma Adama ba haihuwarta ba ce, babu kunya a tsakaninsu. Duk son da Inna ta danne shekara da shekaru ya sami ƙofa. Tana yi mata kirari, tana goya ta har ƙafafunta suna taɓo cinya, tana tauna mata nama. A wurin Adama na fara jin muryar Inna tana waƙa. Da yaƙi ya yi tsawo ta fara sayen kwanonin aure tana tarawa a ƙarƙashin gado, komai biyu-biyu. Baba shi kuma duk Juma'a bayan masallaci sai ya buɗe akwatin Mista Emeka, ya goge zarto da guduma da man gyaɗa don kada su yi tsatsa, ya kira yarinyar.

"Adama, zo ki gani. Kayan babanki na. Kina da wata inna can gabas, tana nan tahe."

"Malam, don Allah ka bar ruɗa yarinya," Inna takan ce daga madafa. "Mutanen da anka ce ko gishiri ba su da shi?"

"Ba mu ji mutuwarsu ba," shi ne abin da yake cewa kullum.

Ina jin daga nan ne labarin da kuka ji ya samo tushe. Mutane sun san Baba yana wannan magana, sai suka ƙarasa sauran da kansu.

Cikin sanyi aka ce yaƙi ya ƙare. Aka yi ta guɗa a gidajen da ke da 'ya'ya a soja, Inna ma ta yi hamdala tare da kowa. Amma daga ranar na lura idan mota ta tsaya a ƙofar gida sai hannunta ya tsaya a kan abin da take yi, sai ta ji ta tashi sannan ta ci gaba. Da bazara ta shigo aka fara jin cewa mutanen gabas suna dawowa Sakkwato neman gidajensu da shagunansu. Ina gida hutu Iya ta iso daga Shagari da ƙunshinta, ba wanda ya aika mata. Suna tsince wake ita da Inna, ina gefe da littafi, ta yi maganar da ta kawo ta ba tare da ta ɗaga kai ba.

"In Kechi ta zo, a ce ƙyanda ta ɗauke ɗiyatta tun tana jinjira. Wa za shi ce ba haka ba? Huska ta shaida tamu ta. Kin shayar, kin yaye, kin yi jinya. Can mi za ta tarar? Yunwa da kango."

Inna ta sunkuyar da kai. Ta ci gaba da tsintar wake, tana jefa masu kyau cikin tsakuwa ba ta sani ba.

Ranar da Kechi ta zo Baba yana fadama ana cirar albasa. Ku riƙe wannan: ba ya gidan. Rana ta take, Hajo da Adama suna wasan 'yar tsana a inuwar rumbu, atamfa iri ɗaya, kitso iri ɗaya. Muka ji sallama da wata murya da muka sani, amma matar da ta shigo ba mu san ta ba. Kechi mai jiki ce a da, mai dariya har da buga cinya. Wannan kuwa wuyanta kamar na tulu, gashinta ya yi ja, ƙunshi ɗaya ne a hannunta. Inna ta miƙe, ta koma ta zauna. Ni na shimfiɗa tabarma na kawo ruwa. Aka gaisa kamar yadda ake gaisawa, ana tambayar gajiya da hanya. Iya ta tambayi mai gida. Kechi ta ce ya tafi yaƙi bai dawo ba. Aka tambayi Chidi. Ta ce yunwa, a shekara ta biyu. Ta faɗe su a bushe, kamar mai lissafa kayan da aka sace mata tun da daɗewa. Sannan ta juya ta dubi yaran. Ta gane Hajo, ta yi ɗan murmushi. Idonta ya sauka a kan Adama, ya tsaya a kan tsagar bakinta, ya wuce. Ya shiga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya yana neman yarinya ta uku.

"Hajo ta yi ƙanwa," in ji ta. "Allah ya raya. Inna, Ada fa?"

Ina jin kukan kurciya a kan katanga. Iya ta gyara murya.

"Kechi, sai haƙuri."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Kechi ta gyaɗa kai a hankali, ba ta yi kuka ba.

"Na sani. Tun a hanya nake gaya wa kaina. Manya ma sun tafi, balle jaririya. Inna, na san kin yi ƙoƙari, na gode. Ku nuna mini inda aka sa ta in gani, sai in koma."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Ba a buƙatar Inna ta yi ƙarya ko ta kalma ɗaya. Shiru kawai za ta yi, zuwa la'asar matar nan ta hau mota, Adama ta zama tata har abada. Na dubi hannayen Inna, sun kama bakin tabarma har jijiyoyinsu sun tashi. Kechi ta kwance ƙunshinta ta fito da wata 'yar riga mai ruwan bula, ɗinkin hannu, an haɗa ta da ƙyalle iri biyu saboda yadin bai isa ba.

"Na ɗinka mata ne da ka, ina cewa yanzu ta kai kaza. Kada ta lalace a banza. Ki ba wannan ƙaramar, ina jin za ta yi mata."

Inna ta karɓi rigar. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta kira Adama, ta cire mata atamfa, ta zura mata rigar da hannunta, ta ɗaura igiyar baya, ta gyara wuyan. Iya ta ce, "Ke!" da ƙarfi. Inna ba ta waiwaye ta ba, kuma wannan ne karo na farko da na ga ta ƙi jin maganar uwarta. Ta kama kafaɗun yarinyar ta juya ta.

"Ta yi mata, don tata ta. Kechi, ɗiyarki ba ta mutu ba. Ga ta."

Kechi ba ta motsa ba da farko. Sai ta rarrafo a kan gwiwoyinta, ta kama fuskar Adama da hannu biyu, tana duba goshi, tana duba kunne, tana neman mijinta a ciki. Na ga lokacin da ta same shi. Wani sauti ya fito daga ƙirjinta wanda ban taɓa jin irinsa ba, ban kuma ƙara ji ba. Adama ta tsorata ta fizge, ta ruga bayan Inna ta ƙanƙame zanenta. Kechi ta bi ta da ido, yatsanta yana nuna gefen bakinta.

"Wa ya yanka ta?"

"Ni," in ji Iya. "Ni na sa, ni na riƙe ta. Ana neman irinku gida-gida a lokacin. In laihi na, nawa na, kada ki ɗora ma kowa."

"A garinmu," in ji Kechi, "bayan abin da aka yi, da wannan fuska…"

Ba ta ƙarasa ba, kuma dukanmu mun ji sauran. Tsagar da ta ɓoye yarinyar a nan ita za ta nuna ta a can, kowace safiya, a gaban mutanen da suka binne 'ya'yansu.

Da Baba ya dawo daga fadama ya tarar an gama komai. Ya tsuguna a gaban Kechi da ƙasar albasa a ƙafafunsa, ya yi mata ta'aziyya, ya nemi gafararta a kan fuskar. Shi ne ma ya roƙe ta ta zauna. Ya ce ga shago nan ba haya, ga kayan mijinta a sayar a saya mata keken ɗinki, yarinya ta tashi tsakanin uwaye biyu. Kechi ta yi kwanaki tana juya maganar. Daga baya ta ce ba za ta iya ba. Uwar mijinta tana can da rai, 'ya'yanta duka sun ƙare, Ada ce kaɗai jinin da ya rage mata a duniya, kuma ta yi mata alkawarin za ta kawo ta ko ta kawo labarin kabarinta.

Ta zauna da mu wajen wata guda don yarinyar ta saba da ita. Adama ba ta yarda ba, "baƙuwa" take ce mata, ko abinci ba ta karɓa daga hannunta. A nan ne Inna ta yi abin da ya fi na ranar farko wuya. Ta sake yaye ta. Ta daina goya ta, ta daina yi mata waƙa. Idan ta zo da kuka sai Inna ta ɗaure fuska ta ce, "Tahi wurin innarki." Idan an dafa abu mai daɗi sai ta zuba a kwanon Kechi, don a can yarinyar za ta same shi. Adama takan tsaya a ƙofar madafa tana kallon Inna, tana neman laifin da ta yi. Inna takan juya baya tana hura wutar da ta riga ta kama, hayaƙi yana ba ta dalilin share ido. A hankali yarinyar ta fara zama kusa da Kechi, ta bari ta yi mata kitso, wata rana muka ji ta tana maimaita wata kalma ta harshensu tana dariya. Inna ta ji. Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Motar albasa mai zuwa kudu ce ta ɗauke su, da safe. Baba ya ɗora akwatin kafinta, Inna ta sa na fito da rabin kwanonin nan na ƙarƙashin gado aka ɗaure a buhu. Kechi ba ta yi wa Iya magana ba tun ranar farko, amma da za ta fita ta tsaya a gabanta, ta ɗan rusuna.

"Iya, tana da rai," ta ce.

Iya ta kau da kai. Inna ba ta fito rakiya ba. Ta zuba gero a turmi ta kama daka da ƙarfi, daka ba ta lokacinta ba, don kada ta ji tashin mota. Ni na riƙe Hajo a bakin hanya. Adama tana zaune a kan buhunan albasa cikin rigarta mai ruwan bula, ba ta kuka, tana ɗauka kasuwa za su su dawo. Sai da motar ta fara tafiya ta miƙe tana kiran Inna. Sautin taɓarya yana fitowa ta kan katanga bai tsaya ba.

Ba mu ƙara jin labarinsu ba. Da na fara koyarwa na yi ta tambayar duk wanda na gamu da shi daga can, amma sunan garin da Kechi ta faɗa mana ashe garuruwa da yawa ne ke amsa shi. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ta yi dariya, ta ga jikoki, ba baƙin ciki ne ya kashe ta ba. Waƙa ce dai ban ƙara ji a bakinta ba. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ba ta kuma taɓa bari a zagi Iya a gabanta ba.

Da na haifi babbanku, Aminu, a ɗakinta na yi jego. Ranar suna da sassafe wanzami ya zo, ya aske masa kai, sannan ya buɗe zabira ya zaro ƙaramar aska, dangin babanku suna tsaye suna jira a yi masa tasu tsagar. Inna, wadda ba ta ɗaga murya a gaban surukai, ta fito ta karɓe jaririn daga cinyar mai riƙonsa ta rungume shi.

"Ka yi aski, an gode, Allah shi biya," ta ce da wanzamin. "Mai da askarka. Ba mu san inda duniya za ta kai shi ba. A bar ma yaro huskar da uwatai za ta gane shi da ita."